Tsohon Hoto da Iyakar Gonar Sale

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha iska ba. A majalisa, a ɗakin malamai, har a bakin masallaci sai wani ya ja ni gefe: "Malam Isuhu, ya ka baro can? Wai da gaske an samu lafiya?" Ni kuma sai in ce alhamdulillahi in wuce. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Mai neman labarin yawon buɗe ido ya tara gaba.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni mutumin Tsamiya Biyu ne, wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, dab da iyakar Kaduna. Karatu ya fito da ni tun ina yaro, koyarwa ta zaunar da ni a birnin Katsina. Ƙanena Sale shi ya tsaya a gida yana noma gonar mahaifinmu, har ranar da 'yan bindiga suka same shi a cikinta suka kashe shi. Daga baya suka dawo suka cinna wa garin wuta, kowa ya kama gabansa. Matarsa Rabi da 'ya'yansu huɗu suna Kankara, a gidan yayanta. Ba abin da Sale ya bar wa yaran nan sai wannan gona, ita kuma ba ta da takarda. A wurinmu itatuwa da layin gamba su ne iyaka, dattawa su ne shaida. Dattijon da ya rage a raye cikin masu sanin iyakar shi ne Baba Tanko, ƙanen mahaifina, ga tsufa ga ciwon ƙafa.

Da bazarar nan labari ya iso mani cewa abin ya ɗan lafa, har wasu daga ƙauyukan gefe sun fara sharar gonakin da ba masu su a kusa. Na san halin mutanenmu. In mutum ya shuka damina ɗaya, badi cewa zai yi gadon kakansa ne. Sai na tuna da wata na'urar hannu, GPS, da ke kwance a kabad ɗin makarantarmu, wadda nake nuna wa ɗalibai sau ɗaya a shekara in mayar. Na ce zan ɗauki Baba Tanko mu je, ya taka kusurwoyin gonar guda huɗu, ni kuma in danna, lambobi su shiga. Ko ya faɗi ya mutu, lamba ba ta mutuwa. Haka na tsara abina a kan tebur, ƙarƙashin fanka.

Da na kunna ta sai na ga taswirar cikinta ba ta san komai ba sai Katsina da Funtuwa da layi ɗaya a tsakaninsu. Masu sayar da taswira mai kyau kuma katin banki irin na ƙasashen waje suke so. Dole na koma neman ta kyauta a intanet. Kai jama'a! Mako uku na yi ina fama. Wannan shafi ya ce in yi rajista, wancan ya ba ni abin da na'urar ba ta iya karantawa, wani kuma ina cikin saukewa a ɗauke wuta. A ƙarshe na samu wata taswira da 'yan sa-kai na duniya ke zanawa, kowa ya sauke ba ko sisi. Don in gwada ta na leƙa wani birni na Turawa, na ga har bencin zama na bakin titi sun saka. Na dawo Sabuwa, ɗigo ɗaya da layi biyu. Na gangara inda aka binne cibiyata, sai koren fenti shimfiɗe, alamar daji. Wato a idon duniya ba a taɓa yin mu ba.

A wani shafin kuma na samu hoton ƙasa na tauraron ɗan'adam, shi ma kyauta. Tsoho ne, da gani an ɗauke shi da shekaru. Na yanka ɓangaren da ya shafe mu ƙanana-ƙanana yadda na'urar za ta ɗauka, na zuba a memori ina tsaki. Ban ma tsaya duba shi da kyau ba, don zuciyata ba ta so. Na ce da babu gara ba daɗi.

Na shiga mota a Katsina da sassafe, kafin azahar muna Kankara. Abin da na fara lura da shi a motar, ba mai tambayar wani inda za shi. A Katsina kafin a fita tasha ka san sunan maƙwabcinka, da garinsu, da ciwon da ke damun surukarsa. Nan kuwa da na ce wa dattijon da ke gefena, "Baba, ina aka nufa?" sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Gaba."

Rabi ta tarbe ni a zaure. Ta rame, kuma ta koyi magana ƙasa-ƙasa irin ta mai zaman gidan wani. Ta kawo mani dambu da ruwa. Na fito da na'urar ina yi mata bayani kamar ina gaban aji, tana gyaɗa kai.

"Yaya Malam," ta ce, "ni ban san wannan ba. Amma in kun je, ku duba mani ɗorawar nan ta gabas. Da kalwarta nike daddawa. In ta yi 'ya'ya ku ɗebo ma yara, kullum sai sun tambaya."

Na ce mata in sha Allahu. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi ta ce in cire agogo, kuma shaddar nan ba ta hanya ba ce. Ta shiga ta ɗauko mani wata koɗaɗɗiyar riga ta Sale. A Katsina in za ka garinku ado kake yi, a san ka samu. A can yanzu wanda ya yi ado kansa ya sa wa farashi. Na sa rigar, ta ɗan matse ni a kafaɗa.

Daga Kankara muka kama hanyar Sheme. Direban bai taka birki ba sai a shingen jami'an tsaro, kuma da an wuce sai ya ƙara wuta, rami ko ba rami. Wata mata a baya tana ta salati. Na saci kallon na'urar a cikin jaka, kibiyar da ke nuna inda nake na tafiya a kan layi tiryan-tiryan, har na ji wani ɗan alfahari. A Sheme na sauka na sayi ƙananan batura wurin wani mai tebur, ya rantse mani da Allah 'yan asali ne. Minti goma ba su yi ba na'urar ta mutu. Na koma, ya ce, "Malam, ai na rediyo ka ce." Ban ce ba, wallahi ban ce ba. Allah Ya isa kawai na yi, na nemi wasu a shagon magani. Na so in sha fura, mai furar ta dama mani da madarar gari, ta ce masu kawo nono sun daina shigowa kasuwa, su suna tsoron gari, gari yana tsoron su. Na sha don yunwa.

Baba Tanko yana Faskari wurin 'yarsa. Na same shi a ƙofar gida kan buhu, mutumin da a da rumbunsa uku, yanzu shi ke gadin awakin suruki. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, idonsa na kan rigar.

"Isuhu, mi ka zo da shi?"

Na nuna mashi. Ya juya ta gaba da baya, ya kara a kunne.

"Ba ta magana?"

"Ba ta magana, Baba. Wuri take riƙewa."

"To ni mi nike yi shekara saba'in?" Ya miƙo mani. "Mu tahi dai. Gonar Mamman ko da ido rufe na zagaya ta."

Mamman shi ne mahaifina. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, ba nama ba man shanu, 'yarsa tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta kawo halin da ake ciki. Aka ba ni ɗakin baƙi, wanda na tarar da mutum biyar a ciki, duk 'yan gudun hijira. Da safe na tashi ƙafar wani a kan cikina.

Taswirata ta nuna wata hanya da ta yanke daga Faskari ta gangara kudu zuwa Sabuwa, gajera, an ma zana ta da jan layi kamar titin kirki. A tasha na nuna wa wani direba. Ya kira abokansa su zo su gani, suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wa ya zana maka wannan?"

"Daga intanet na sauke."

"To ka ce ma intanet ɗin ya shige gaba, mu bi bayanshi. Gadar nan ruwa ya cinye ta tun tuni. Kuma ko da gada, masu wurin ba su ba da bizar wucewa."

Na ji kunya, na ji haushi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Muka koma ta Sheme, muka zaga ta Funtuwa da Dandume, tafiyar da taswira ta ce kaɗan ce ta cinye mana yini. Baba yana gaba, ƙafarsa ta kumbura, bai yi ƙorafi ba. Ni ne na yi ta zagin taswirar a zuci, da wanda ya zana ta daga ɗakinsa mai sanyi, da tsohon hoton da na ɓata datata a kansa.

Kun tambaye ni ko na kai iyakar Kaduna. Iyakar da ke aiki a can ba ita ce ta taswira ba. Tana bayan garin Sabuwa kaɗan, inda aka gitta itace a hanya, 'yan sa-kai na zaune da bindigogin gargajiya. Daga nan zuwa gaba ba mai ce maka ga hukuma. Mun kwana a Sabuwa gidan wani ɗan garinmu, da hantsi muka isa shingen. Aka ce in buɗe jaka. Wani ya zaro na'urar, ya ga ɗan eriyarta kamar na rediyon sadarwar 'yan bindiga, sai ya ja da baya ya ɗaga murya: "Oba-oba! Ga infoma!"

Kafin in ce me, an zagaye ni. Wani ya shaƙe wuyan rigar Sale. A wurin nan kalmar infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba a shari'a a kanta, kun sani. Ina ta cewa ni malamin makaranta ne, ba mai ji. Baba Tanko ne ya doka sandarsa a ƙasa.

"Kai! Ɗan Mamman na Tsamiya Biyu ne. Rigar da kuka riƙe ta Sale ce, wanda kuka taya ni ɗaukowa. Ku sake shi, marasa kunya."

Kwamandansu, wani baƙin mutum mai furfura a gemu, ya zo ya tsuguna ya gaida Baba. Ya karɓi na'urar ya ce in yi bayani. Na yi. Ya fi ɗalibaina saurin ganewa.

"Tana rubuta hanyar da mutum ya bi?"

"Tana rubutawa."

"Kuma irin taswirar ga, kowa na iya saukewa?"

"Kowa. Kyauta ce."

"To su ma suna da waya, Malam, ta fi taka tsada. Hanyar da za mu bi da ku, ita mata ke bi su ɗebo itace. Ka kashe abin rubuta hanya a gabana. Kusurwa huɗu ka ce, huɗu za ka danna. Kuma kafin la'asar mun juyo, ko kun gama ko ba ku gama ba."

Na kashe a gabansa. Da can har na yi niyyar in na dawo in zana ƙauyenmu da hanyarsa a taswirar nan ta duniya, don a san da mu. A wurin na binne wannan niyya.

Babura uku muka yi. Ba zan ba ku labarin garin ba, kada ku tambaye ni. Bango ne tsaye ba rufi, shi ke nan. Muka wuce ta gefe zuwa gona. Baba ya sauka, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda zai nuna gabas, sai hannun ya tsaya a sama.

Babu ɗorawa. Babu marke, babu kanya, babu itace ko ɗaya mai kauri, tun daga inda muke har inda ido ya kai. Masu gawayi sun bi bayan masu bindiga sun share komai, har kututturan sun ƙone. Layin gamba wuta da shanu sun gama da shi. Fili ne fetal, gonar kowa ta haɗe da ta kowa. Can gefe kuma ga sabuwar shara, wani ya riga ya fara tara kara yana ƙonawa.

Baba ya yi gaba taku goma, ya dawo. Ya yi kudu, ya tsaya. Ya juya ya dubi kufan garin don ya auna, ya sake juyowa. Mutumin da ya ce ko da ido rufe.

"Isuhu," ya ce, "ban gane ba. Wallahi ban gane wurin ba."

Ni ma na tsaya riƙe da na'ura. Tana faɗa mani daidai inda nake tsaye a doron ƙasa, amma ba ta san gonar ubana ba. Wanda ya sani kuma an tuge mashi alamominsa. Kwamanda ya dubi rana, ya dube ni.

Rashin abin yi ne ya sa na buɗe tsohon hoton nan da na yi ta zagi. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya bayyana a ɗan gilashin da bai kai tafin hannu ba. Sai ga itatuwa. Kowane ɗaya baƙin dunƙule da inuwarsa a gefe. Ga layin gamba siriri ya zagaye gona. An ɗauki hoton tun kafin a yi mana abin da aka yi, kuma ba wanda ya damu ya sabunta shi, shi ya sa komai ke nan. Ga kibiyata a tsakiya.

Na fara tafiya ina kallon gilashi, ina tura kibiyar zuwa babban dunƙulen gabas. Da ta hau kansa na tsaya. A gabana wani ɗan kwari ne mai toka. Baba ya iso yana ɗingishi, ya karɓi adda wurin wani ɗan sa-kai, ya tona, ya saro saiwa. Ya bare ta, ya shinshina, ya ɗan tauna.

"Ɗorawa ce. Ita ce. Danna."

Na danna. Haka muka yi wa marken arewa da kanyar yamma, ni in kai mu, shi ya tona ya shaida, kwamanda na tsaye a matsayin shaida na biyu. Sabuwar sharar nan ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Kwamanda ya ce ya san mai ita, zai yi mashi magana.

Saura kusurwar kudu, inda kaɗanya take. Na sunkuya zan duba gilashi, Baba ya ce, "Bar shi. Wannan ba sai da abin ga ba." Ya miƙe ya tafi kai tsaye, ba waige, ya tsaya a wani wuri da ni ban ga bambancinsa da ko'ina ba. Na bi shi, na duba, kibiya tana kan dunƙulen daidai.

"Nan na ɗauke shi," ya ce. "Ya jingina da ita, fartanya na hannunshi."

Na danna ta huɗu. Muka yi wa Sale addu'a. Aikin da ya kawo ni ya ƙare, da a nan muka juya da na dawo maku da labari mai daɗi.

Amma Baba ya ce in ba shi ya ga abin da nake kallo. Na kare mashi hasken rana da hulata, na matsar da hoton zuwa gari. Ya kawo ido dab da gilashin. Ya daɗe. Sai ya fara nunawa da farce: ga masallaci, ga tsamiyoyin nan biyu, ga gidan Mamman, ga nashi, ga rumbunansa uku a jere, kwanon ɗakin amaryar ɗansa na ƙyalli. Na mayar da hoton gona, ya ga wani ɗan farin ɗigo kusa da kaɗanya.

"Ga Sale nan shina aiki."

Wataƙila suri ne, wataƙila buhu.

"Wa ya ɗauki hoton ga?"

"Wasu ne, Baba, daga sama. Na'ura ce ke zagaya duniya tana ɗauka."

"Kullum?"

"Kusan kullum tana wucewa."

Ya ɗago kai ya dubi sama, ba gajimare ko ɗaya. Ya dawo da idonsa kaina.

"Ashe ana ganinmu? Mu muna nan muna cewa ba a san da mu ba, shi ya sa ba a zo ba. Har rumbuna sun gani. To ranar da aka zo aka kashe yaron ga, ranar da aka sa ma garin wuta, suna kallo?"

Na fara cewa ba haka abin yake aiki ba, hoto ne kawai, ba mutum ke zaune yana kallo ba. Shekara ashirin ina koyar da wannan darasi, amma a bakina ma na ji maganar ba ta da nauyi. Kwamanda ya ce lokaci ya yi.

Muka hau babura muka juyo. Sai da muka iso shinge Baba ya riƙo hannun rigata ya ce, "In ka koma birni, ka tambayo mani masu hoton."

A Sabuwa na rubuta lambobin a takarda, Baba ya dangwala yatsa, kwamanda ya sa hannu, mai unguwarmu da ke gudun hijira a can ya sa nashi. Na mayar da Baba Faskari, na biya Kankara na ba Rabi kwafi ɗaya. Ta riƙe takardar da hannu biyu, ta ce Allah Ya saka, sannan ta leƙa jakata ta ce, "Ɗorawar ba ta yi 'ya'ya ba bana?" Na ce mata ba ta yi ba. Na cire rigar Sale na ninke na ba ta.

Gonar yaran tana nan, an tsare ta, in takarda na tsare gona a ƙasar nan. Satin da ya wuce na koma shafin da na sauke hoton, don in adana wani kwafin saboda tsaro. Na tarar sun cire tsohon sun sa sabo. Sabon ya fi kyau nesa ba kusa ba, tar da shi, kuma har yanzu kyauta ne. Ana iya ƙirga ɗakunan da ba rufi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga har na zo gidanmu, na rufe kwamfutar.

Duk Juma'a 'yar Baba tana kira na ta ba shi waya. Ba ya tambayar iyali, ba ya tambayar aiki. Da mun gaisa sai ya ce, "Isuhu, ka tambayo mani?" Ni kuma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Ku da kuka dame ni da tambaya, kun fi ni sanin mutane. In akwai mai amsa a cikinku ya ba ni kafin Juma'a, don jibi zai kira.